Ƙananan hukumomi za su iya haɗa kai su tsare kifin teku da suke tarayya a kai?

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun sha'anin mulkin ƙananan hukumomi, an ba mu aiki a kan albarkatun da maƙwabta ke tarayya a kai. Na ji an ce a wasu ƙasashe ƙananan hukumomin bakin teku ne da kansu suke haɗuwa su kula da kamun kifi. Da gaske ne? Yana aiki kuwa, ko dai taro ne da sa hannu a watse? Kuma za a iya yin irinsa a Najeriya?

Amsa: Da gaske ne, ƙanena, kuma ɗaya daga cikin ƙasashen da suka yi nisa a wannan harka ita ce Filifin, don haka can zan fi daɗewa. Yana aiki a wasu wurare, a wasu kuma ya mutu murus. Abin da ke raba masu rai da matattu a ganina abu ɗaya ne: shin magajin gari zai yarda a kama ɗan garinsa, wanda ya jefa masa ƙuri'a, saboda ya karya doka a ruwan maƙwabta, sannan gobe ya sake sa hannu a fitar da kuɗin man jirgin da ya kamo shi? Inda aka samu wannan, sauran abubuwa suna biyo baya. Inda ba a samu ba, takardar yarjejeniya tana nan a durowa.

Filifin ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,600, kifi kuma shi ne naman talaka. A 1991 aka yi dokar ƙananan hukumomi wadda ta sauko da iko mai yawa daga Manila zuwa garuruwa, ciki har da ikon ruwan teku daga gaɓa zuwa kilomita 15. Dokar kamun kifi ta 1998 ta ƙara tabbatar da haka. Wannan ruwa na ƙananan masunta ne, masu kwale-kwalen da bai wuce tan 3 ba. Babban jirgin kasuwanci ba shi da hurumin shiga, sai dai idan majalisar gari ta yi doka ta ba ƙanana da matsakaitan jirage izini tsakanin kilomita 10.1 da 15, shi ma sai inda zurfin ruwa ya kai gaba bakwai, wato kusan mita 13. Idan garuruwa biyu suna fuskantar juna kuma ruwan da ke tsakaninsu bai kai kilomita 30 ba, sai a ja iyaka a tsakiya.

A takarda abin ya yi kyau. A kan ruwa kuwa, ka ɗauki mashigin teku guda da garuruwa huɗu ko biyar suka kewaye. Kifin da ya saki ƙwai a cikin itatuwan bakin gaɓa na gari ɗaya, 'ya'yansa suna girma a ciyawar ƙarƙashin ruwa ta gari na biyu, a kama shi a ruwan gari na uku, a sayar a kasuwar na huɗu. Gari na farko ya hana sare itatuwan nan, ya ɗauki asarar itacen girki da gawayi, amma riba ta tafi wani wuri. Gari na biyu ya hana taru mai ƙananan idanu, maƙwabcinsa bai hana ba. Me masunci zai yi? Ya tuƙa minti ashirin ya tsallaka layin da ido ba ya gani, ya jefa tarunsa hankali kwance. Wanda ya bi doka shi ne ya zama wawa, ba a daɗe kuma shi ma ya gane haka. Kamar mashayar da ƙauyuka huɗu ke shayarwa ce: in ɗaya ya ce zai bar ruwa ya kwanta, sauran ukun suna kora shanu ciki, haƙurinsa bai amfani kowa ba.

Masu rubuta dokar sun hango wannan. Dokar 1991 ta ba ƙananan hukumomi damar haɗa kuɗi da ma'aikata da kayan aiki don wata manufa da za ta amfane su duka. Ta 1998 kuwa cewa ta yi ruwan da ya ratsa garuruwa da dama a kula da shi a dunƙule, ba bisa iyakar siyasa ba, ta kuma tanadi majalisun shawara da masunta ke da kujeru a ciki, tun daga matakin gari har zuwa na mashigin teku baki ɗaya. Amma dokar ba ta tilasta wa kowa ya saka ko peso (kuɗin ƙasar) ɗaya ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Misalin da aka fi ambata shi ne na mashigin Banate a lardin Iloilo. A 1996 garuruwan Anilao da Banate da Barotac Nuevo suka sa hannu a yarjejeniya suka kafa majalisa guda mai kula da mashigin, daga baya Barotac Viejo ta shigo. Abin da ya kai su ga haka ba wani sabon ilimi ba ne, wahala ce: masu jefa nakiya, masu jan taru a ƙasan ruwa suna kwashe komai har da ƙwai, manyan jirage suna kutsowa da dare, kamun ƙaramin masunci yana ta raguwa. Kowane gari ya ɗauki alkawarin ba da kuɗi duk shekara, ya kuma tura wasu ma'aikatansa su yi aiki a ofishi ɗaya. An samu irin wannan ƙawance a mashigin Lanuza a tsibirin Mindanao, da kudu maso gabashin Cebu, da wasu wurare da dama.

Aikin farko da irin wannan majalisa take yi ba shi da armashi ko kaɗan, amma shi ne ginshiƙi: a zauna a daidaita dokokin garuruwan su zama iri ɗaya, kalma da kalma in zai yiwu. Girman idon taru ɗaya, jerin kayan da aka haramta ɗaya, tara ɗaya, kuɗin rajista ɗaya. Majalisar haɗin gwiwa ba ta da ikon yin doka da kanta, don haka sai kowace majalisar gari ta koma gida ta zartar da nata kwafin. A nan ake fara ganin wanda yake da gaske. Za ka ga garuruwa uku sun zartar cikin wata biyu, na huɗu yana ta jan ƙafa shekara guda, ka bincika ka tarar ƙanen wani kansila ne mai jiragen da dokar za ta taɓa. Sai rajistar masunta da kwale-kwalensu. A wurare da yawa kowane gari yana da launin fenti da lambar da ake sa wa jiragensa, yadda ɗan sintiri zai hango daga nesa ya san na ina ne.

Sai sintiri, wanda nan ne maganar take. Masu yinsa galibi 'yan sa-kai ne da ake kira Bantay Dagat, masunta ne da aka ba horo aka ba su takardar izinin kama mai laifi, suna fita tare da ɗan sanda ɗaya ko biyu. Ka kwatanta fitar dare ɗaya. Ƙarfe ɗayan dare, kwale-kwale mai inji ɗaya, mutum shida, tocila, wayar hannu, na'urar nuna wuri. Sun hango fitilar jirgi a inda bai kamata ba. Kafin su isa, an riga an buga wa mai jirgin waya daga gaɓa, domin wanda ya ga fitarsu maƙwabcinsa ne. In sun yi sa'a suka cim masa, dole su rubuta daidai inda aka kama shi da lambobin na'ura, su ƙirga kayan aiki, su ɗebi samfurin kifin idan ana zargin nakiya aka jefa, a kai wa jami'in da aka horar ya tsaga ciki ya tabbatar, don kifin nakiya yana da alama: jakar iskarsa a fashe, jini ya taru a ciki. In an yi kuskure a ɗaya daga cikin waɗannan, lauya zai rushe ƙarar cikin minti biyar. Sannan ɗan sa-kan nan zai bar sana'arsa ya riƙa zirga-zirga kotu yana ba da shaida a kan mutumin da za su haɗu a coci ranar Lahadi. Ba wasa ba ne kuma ta fuskar rai: a 2006 an harbe shugaban Bantay Dagat na birnin Cebu, Elpidio de la Victoria, har lahira.

To a nan haɗin kai yake nuna amfaninsa na zahiri. Idan tawagar sintiri gauraye ce, mutumin Anilao ne zai riƙe ɗan Banate, ba ɗan'uwansa ba. Magajin gari kuma ya samu abin fakewa: idan dangin wanda aka kama suka cika masa ƙofar gida da safe, sai ya ce ba ni ba ne, majalisar mashigi ce, hannuna a ɗaure yake. Na daɗe ina ganin wannan fakewar ta fi jirgin sintirin kansa daraja. Ga kuma sauƙin kuɗi, jirgi ɗaya mai gudu da garuruwa huɗu suka haɗa suka saya ya fi ruɓaɓɓu huɗu da ba mai. Mai laifi kuma ba zai tsallaka iyaka ya tsaya yana ɗaga wa masu bin sa hannu ba.

Akwai wani rauni da dokar kanta ta haifar. Tarar da dokar ƙaramin gari za ta iya ɗora wa mutum ba ta wuce peso 2,500, ko ɗaurin wata shida. Ga mai jirgin da ke kwasar kifin dubban ɗaruruwa a dare ɗaya, wannan kuɗin goro ne, yana sa shi cikin lissafin mai da ƙanƙara. Wasu garuruwa suka koma cin tarar kowane ma'aikacin jirgi ɗaya bayan ɗaya don kuɗin ya yi nauyi. Gyara na sosai bai zo ba sai 2015, bayan Tarayyar Turai ta ba ƙasar katin gargaɗi a 2014 a kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, aka yi wa dokar ƙasa kwaskwarima aka ɗaga tara zuwa miliyoyi ga manyan jirage. Amma kafin a ci moriyar wannan sai an shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar ƙasa, hanyar da ta fi tsawo, shi ya sa har yanzu ana yawan sasantawa a ofishin gari a biya 'yar tara kowa ya kama gabansa.

Babban maƙiyin irin wannan ƙawance shi ne zaɓe. Wa'adin magajin gari a Filifin shekara uku ne kacal. Labarin tsibirin Sumilon ya isa darasi, ko da yake gari ɗaya ne ya shafa. A 1974 masanin halittun ruwa Angel Alcala na Jami'ar Silliman ya shawo kan hukumar garin Oslob aka keɓe wani yanki na duwatsun murjanin tsibirin ya zama hurumin kifi, ba mai kamu a ciki. Kifi ya yawaita a hurumin, ya riƙa malalowa waje, masuntan gefe suka ga canji a kamunsu. A 1980 aka zaɓi sabon magajin gari wanda ba ya tare da shirin, zuwa 1984 aka afka wa hurumin da miyagun hanyoyin kamun kifi. Alcala da abokin aikinsa Garry Russ sun auna abin da ya biyo baya: duk da cewa yanzu masunta suna da ruwa mafi faɗi da za su yi kamu, abin da suke samu ya faɗi warwas. Aikin shekara goma ya tafi a ɗan lokaci. A tsibirin Apo da ke kusa, inda mutanen ƙauyen da kansu suka riƙe hurumin tun farkon shekarun 1980, abin ya ɗore.

Yanzu ka ninka wannan haɗari sau huɗu ko sau bakwai. Kowace shekara uku akwai yiwuwar ɗaya daga cikin garuruwan ya samu sabon shugaba da zai ce wannan aikin wanda na kayar ne. Ba sai ya fita a fili ba. Ya daina biyan kuɗin shekara kawai, ya janye ma'aikacinsa, ya riƙa tura wakili maras iko zuwa taro. Sauran su ga ɗaya ba ya biya, su ma su fara jinkiri. Ƙawancen da suka rayu galibi su ne waɗanda aka sa kuɗin gudummawar cikin dokar gari da kasafin shekara, ba cikin yarjejeniyar shugabanni kaɗai ba, suke da manaja na dindindin wanda ba ɗan siyasa ba, kuma gwamnatin lardi ta tsaya musu. Waɗanda kuwa ƙungiyar agaji ta waje ta haifa ta shayar, da yawansu suna numfashi ne har ranar da aikin ya ƙare aka mayar da mota.

Wani abin da ba a cika faɗa a taro ba shi ne wa zai kwana da yunwa. Duk dokar tsare kifi tana nufin wani ya rage kamu yau. A mashigin Balayan na lardin Batangas, a Disamban 2014, garuruwan da ke kewaye suka zartar da doka iri ɗaya suka dakatar da manyan taruna na kimanin mako uku a lokacin da kifayen da talaka ya fi ci suke sakin ƙwai. Abin da ya sa aka iya shi ne an haɗa da ma'aikatar jin daɗin jama'a ta ƙasa, aka ba ma'aikatan jiragen aikin wucin gadi ana biyansu, irin su share gaɓa, aka kuma bar masu ƙugiya da ƙananan kaya suka ci gaba da neman na cefane. Ba don haka ba, ranar uku da rufewa za a fara satar fita. Masu jirage suna da ajiya, yaran jirgi ba su da ita, haka matan da ke saye a gaɓa suna busarwa suna kaiwa kasuwa, waɗanda sau da yawa ba ma a gayyatarsu zaman da aka yanke hukuncin.

Bari in tsallako Afirka ta Yamma, don akwai wata fuskar matsalar da Senegal ta fi nunawa. Kayar gari ne na masunta a arewacin Dakar, gabansa akwai wani kwazazzabo mai zurfi a ƙarƙashin teku da ke tara kifi mai tsada. Mutanen garin masu ƙugiya ne. Masuntan unguwar Guet Ndar ta birnin Saint-Louis kuma suna saukowa duk shekara da ragar da ake girkewa a bar ta ta kwana, wadda 'yan Kayar ke cewa tana sarƙe musu ƙugiya tana lalata wurin. An yi arangama a 1985, aka sake yi a 2005 har aka rasa rai. Amma Kayar ɗin nan ce, bayan karya darajar sefa a 1994, masuntanta suka kafa kwamiti suka ƙayyade akwati uku na kifi ga kowane kwale-kwale a rana. Ba don kishin teku suka fara ba, dillalai ne suke karya musu farashi, suka ga in sun rage kaya kuɗi zai tashi. Ya kuwa tashi, shi ya sa dokar ta samu masu tsaronta. Senegal ta sa majalisun masunta na yanki cikin dokarta ta 1998, daga baya maƙwabtan majalisu suka riƙa daidaita hutun kamun halittar teku mai hannaye takwas (octopus) a gaɓar kudu da Dakar, wajajen Mbour da Joal. Abin lura a nan: baƙon masunci mai bin kifi daga gari zuwa gari ba ya zaɓe a inda yake kamu, ba shi da kansila. Idan 'yan gari suka haɗa kai suka yi doka ba da shi ba, a wurinsa wannan ba tsare kifi ba ne, kora ce, kuma zai ɗauke ta a haka.

Sannan akwai kifin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko nawa suka taru. Sardin da 'yan Senegal ke kira yaboy yana yawo tsakanin Maroko da Muritaniya da Senegal da Gambiya. Ko duk garuruwan gaɓar Senegal sun zama tsintsiya ɗaya, masana'antun garin kifi na Nouadhibou a Muritaniya suna niƙa shi a can arewa. Haɗin kan garuruwa ya fi tasiri a kan abin da ke zaune wuri ɗaya: kifin duwatsu, kaguwa, jatan lande, kawa, itatuwan gaɓa. Filifin ma ta gane haka, a 2019 ta raba ruwanta gida 12 bisa yadda kifi ke rayuwa, kowane yanki da hukumar da ta haɗa gwamnatin ƙasa da garuruwa da masunta da masana. Kuma ikon da doka ta bayar kotu tana iya girgiza shi. Wani kamfanin jirage mai suna Mercidar ya ƙalubalanci keɓe kilomita 15 ɗin nan, kotun Malabon ta ba shi gaskiya a ƙarshen 2023, a 2024 wani sashe na Kotun Ƙoli ya bar hukuncin a yadda yake saboda lauyoyin gwamnati ba su ɗaukaka ƙara a kan lokaci ba. Gwamnati da ƙungiyoyin masunta da garuruwa suka yi ca suna neman a sake dubawa.

Game da Najeriya, amsar a gajarce ita ce ba a irin wannan siffa ba, sai an taɓa doka. Tsarin mulkin 1999 ya sa kamun kifin teku cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya bar na koguna da tafkuna da sauran ruwan cikin ƙasa a waje. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana jirage masu jan taru shiga mil 5 na farko daga gaɓa, amma tsaron wannan layi aikin tarayya ne da sojan ruwa. Shugaban ƙaramar hukumar Ilaje a Ondo ko na Ibeno a Akwa Ibom ba shi da ruwan da zai ce nasa ne a doka. Abin da ya rage musu shi ne bakin gaɓa: wurin sauke kifi, kasuwa, rajistar kwale-kwale, sasanta rikici, da kai rahoton jirgin da ya kutso. Ko wannan ɗin in ƙananan hukumomin da ke jere a gaɓa ɗaya suka yi shi tare ba ƙaramin abu ba ne, musamman yanzu da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, in har an aiwatar.

Don aikinka na makaranta kuwa, da ni ne kai da ban tafi teku ba. Tafkin Kainji yana tsakanin jihohin Neja da Kebbi, ƙananan hukumomi irin su Borgu da Agwara da Magama da Ngaski da Yawuri duk suna sha daga gare shi, ruwan cikin ƙasa ne kuma, don haka ikon yana hannun jihohi. A shekarun 1990 an yi wani shiri da tallafin Jamus inda jihohin biyu suka daidaita dokokinsu, aka shigo da sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa, aka yi lasisi, aka hana babban tarun da ake ja zuwa gaɓa mai kwashe 'ya'yan kifi. Je ka Yawuri ko Malale ka zauna da masunta da masu banda. Tambaye su wa ke ba da lasisi yau, kuɗin ina yake shiga, yaushe rabon da a ƙwace tarun wani, na ɗan gari ne ko na baƙo, kuma da aka ƙwace wa ya je ya karɓo masa. Sannan ka nemi kasafin kuɗin ƙananan hukumomin nan na shekara uku a jere, ka duba ko akwai layi ɗaya da aka rubuta man jirgin sintiri.